YUKKA BA ROGO BA CE: IRE-IRENTA DA INDA TAKE FITOWA



Jawabin wannan karo a kan wata shuka ne wadda ba ta ƙasar Hausa ba. Sunanta yukka. Wanda ya saba shiga birni, mai yiwuwa ya taɓa ganin ta bai sani ba. A kan dasa ta a ƙofar otal, ko gaban ofis, ko gidan wani mai hali, don ado. Ganyenta dogo ne mai tauri, kamar takobi. Ya kan fito a cure wuri ɗaya, kamar kan abarba. A ƙarshen ganyen akwai tsini, wani har ya kai allura kaifi. In lokacin furenta ya yi, sai wani dogon kara ya fito daga tsakiya, ya cika da fararen furanni masu kama da ƙararrawa.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da shukar ado? To, a can ƙasarta ba ado ba ce. Abinci ce, igiya ce, sabulu ce, har ta taɓa ceton shanu a lokacin fari. Ban da haka, akwai wani ruɗani game da sunanta wanda ya kamata a warware tun da fari.

RUƊANIN SUNA

Lokacin da Turawa suka isa tsibiran Karebiyan, sun tarar da wata ƙabila mai suna Taino. Babban abincin mutanen nan shi ne rogo. Da harshensu suna kiran rogo "yuka". Har yau haka ake kiran sa a ƙasashe da yawa masu magana da harshen Sifen. Amma Turawan farko sun yi kuskure. Sun ɗauki sunan rogo sun liƙa wa wata shuka daban. A 1753 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, ya rubuta sunan a littafinsa. Shi ke nan, kuskure ya zauna.

Bambancin sunayen biyu baƙi ɗaya ne kawai. Yuka shi ne rogo. Yukka ita ce mai ganye kamar takobi. Kamar dai "daba" da "dabba" ne a Hausa. Baƙi ɗaya ya raba su, amma ma'ana ta yi nisa.

Wannan ba maganar wasa ba ce. Yanzu yara suna karanta abubuwa a waya, kuma masu rubutun da yawa su kan haɗa sunayen biyu. Sai mutum ya ga an ce ana dafa saiwar yukka a ci, alhali rogo ake nufi. Saiwar yukka ba abinci ba ce. Tana da ɗaci, tana da wani sinadari mai kumfa, tana iya ɓata ciki. Kada wanda ya tono ta ya sa a tukunya.

Ba su ma haɗa dangi ba. Dangin rogo su ne zurma da cini-da-zugu. Ita kuwa yukka, 'yar'uwarta ta kusa ita ce sisal, wadda ake nomawa a Tanzaniya da Kenya don yin igiya. A ƙasar Hausa tana da 'yar'uwa ta nesa, watau moda. Abin da ya haɗa rogo da yukka shi ne nahiya. Dukansu daga Amurka suke. Rogo daga Birazil ya fito, jiragen ruwan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16. Yau ba ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi.

INA NE GIDANTA?

Yukka iri-iri ce. Masana sun ƙidaya tsakanin iri 40 zuwa 50. Dukansu a nahiyar Amurka suke fitowa da kansu, ba wanda ya shuka. In aka ga yukka a Afirka, ko Turai, ko Asiya, to, mutum ne ya kai ta.

Iyakarta ta kudu ita ce Amurka ta Tsakiya, wajen Gwatamala da maƙwabtanta. Daga nan ta bi ta Meziko, ta shiga ƙasar Amurka, ta yi arewa har kudancin Kanada. Ta gabas kuma ta bi gaɓar tekun Atlantika. Amma cibiyarta ita ce Meziko da kudu maso yammacin Amurka. Can ne ƙasar fari, can ne ire-irenta suka fi yawa.

An yi ta ne don jure ƙishirwa. Fatar ganyenta mai kauri ce, mai santsi, ba ta barin ruwa ya tsere. Ganyen kuma kamar indararo yake. In an yi 'yar yayyafi, sai ya kwararo da ruwan zuwa gindi. Busasshen ganye ba ya saurin faɗuwa. Ya kan rataya a jikin itacen kamar zane, ya kare shi daga rana.

ITACEN YUSHA'U

A yammacin Amurka akwai wata hamada mai suna Mojabe. Ta ratsa jihohi huɗu, watau Kalifoniya, da Nebada, da Yuta, da Arizona. Nan ne gidan yukkar da ta fi kowace suna. Ita ba ƙaramar shuka ba ce, itace ce sosai. Wata ta kan kai ƙafa 40 a tsaye. Rassanta a murɗe suke, kowane da curin ganye a kansa. Ana ce mata itacen Yusha'u. An ce wasu matafiya Turawa ne suka raɗa mata sunan a ƙarni na 19. Wai da suka hango rassanta a miƙe sama, sai suka tuna da Annabi Yusha'u ya ɗaga hannu yana addu'a.

Ruwan da ke sauka a yawancin Mojabe bai kai rabin na Katsina ba. Amma kada a ɗauka hamadar nan irin ta Agadas ce. Itacen Yusha'u a kan tudu yake fitowa, inda ake sanyi mai tsanani. Wani lokaci har dusar ƙanƙara ta kan rufe shi. Yawancin ruwan ma a lokacin sanyin yake zuwa. Masana na ganin sai sanyi ya buge shi sosai sannan yake yin fure mai kyau. Saboda haka wanda ke tunanin a kawo shi Daura ko Maigatari don tare hamada, sai ya sake tunani. Fari kam zai jure, amma ba zai sami sanyin da yake bukata ba.

Ga shi kuma da nawa. A shekarunsa goma na farko, abin da yake ƙaruwa a shekara bai wuce inci 3 ba. Bayan nan sai ya koma wajen inci ɗaya da rabi. A kwatanta da dawa, wadda ke wuce tsawon mutum a damina ɗaya. Wanda ya ga itacen Yusha'u ya kai tsawon soro, to, ya girmi kakansa. Da yawa su kan yi shekara 150, wasu ma su wuce. In aka sare shi ba a ganin zobe-zoben da ake ƙidaya shekarun itace da su. Cikinsa zare ne cunkus, kamar na goruba ko giginya.

MAI TSEREN RAIRAYI

In aka yi gabas daga Mojabe sai a shiga hamadar Cihuwahuwa. Ta haɗa jihar Sabuwar Meziko, da yammacin Teksas, da arewacin ƙasar Meziko. Yukkar da ke nan ana ce mata itacen sabulu. Siririya ce, doguwa, ganyenta kamar na ciyawa.

A Sabuwar Meziko akwai wani wuri da ake kira Farin Rairayi. Tuddan rairayi ne farare fat, iska na tura su kullum. In tudu ya zo kan shuka, sai ya binne ta, ta mutu. Amma itacen sabulu ba ya yarda. Rairayi na hawa, shi ma yana ƙara tsawo, don ganyensa ya zauna a sarari. Sai mutum ya ga ɗan curin ganye a kan tudu, ya zaci ƙaramar shuka ce. Ashe sauran jikin yana can ƙasa a binne, ƙafa da yawa. Sai dai ƙarshen abin ba daɗi. In iska ta kwashe tudun ta yi gaba, dogon jikin nan ba shi da abin jingina. Sai ya faɗi.

Me ya sa ake ce masa itacen sabulu? In aka tono saiwarsa, aka daka, aka cuɗa cikin ruwa, sai ta yi kumfa. Da ita mutanen asali na ƙasar suke wanke gashi da tufafi tun kafin zuwan Turawa. Wannan ba zai ba tsofaffin ƙasar Hausa mamaki ba. Irin sinadarin nan ne ke cikin ɓawo da saiwar aduwa, wanda aka daɗe ana wanki da shi.

Makiyaya su saurari wannan. Daga 1916 zuwa 1918 an yi mugun fari a Sabuwar Meziko. Ciyawa ta ƙare, shanu suka fara faɗuwa. Sai ma'aikatan wata gonar gwaji ta gwamnati da ke Jornada suka juya ga itacen sabulu. A kan babbake busasshen ganyen, a sare itacen, a sa a inji ya yayyanka shi ƙanana. Sai a haɗa da garin anguriyar da aka matse wa mai, a ba shanu. Dabarar ta yi aiki, shanu da yawa suka kai damina. Amma ma'aikatan sun yi gargaɗi. Sun ce abincin ranar wuya ne kawai, don abin da aka sare a rana ɗaya sai ya yi shekaru kafin ya komo.

Itacen sabulu yana da wata ƙanwa gajeruwa, wadda ba ta da gangar jiki. Ita ce ta mamaye manyan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, tun daga Teksas har lardin Albata na Kanada. Ba wata yukka da ta kai ta nisa zuwa arewa. Tana kwana cikin ƙanƙara wata da watanni, ba abin da ke samun ta.

ABINCI DA IGIYA

Wata kuma ana ce mata yukka mai ayaba, saboda siffar 'ya'yanta. Tana fitowa a duwatsu da gangaren tuddai na Arizona, da Sabuwar Meziko, da Yuta, da Kolorado, da arewacin Meziko. Ƙabilun Nabaho, da Afaci, da Hofi sun san darajarta. Su kan gasa 'ya'yan, su cire ƙwallon, su kirɓa, su yi curi-curi, su shanya. Abin ya kan daɗe bai lalace ba, a ci da rani ko a tafi da shi guzuri. Ganyen kuma a jiƙa, a buga, a fitar da zare. Da shi ake tufka igiya, a saƙa takalmi, da kwando, da tabarma. Wani abin gwaninta, in aka ɓalle tsinin ganyen aka ja a hankali, sai ya taho da zarensa. Ga allura ga zare a haɗe. A wurin Hofi, in za a ɗaura aure, da kumfar yukka ake wanke kan ango da amarya.

Akwai wadda ta shiga kasuwar zamani. Ita ma a Mojabe take, har zuwa yankin Baha Kalifoniya na ƙasar Meziko. Ana matse ruwan jikinta a sayar wa kamfanoni. Su kan sa kaɗan cikin abincin kaji da na sauran dabbobi, don ya rage warin kashi a akurki. Ana kuma sa shi cikin wasu lemunan kwalba don su yi kumfa. Da abin ya zama kuɗi, sai ɓarayi suka shigo. Ƙabilun asali na Baha Kalifoniya sun sha kai kuka kan masu shiga dajinsu su sare ta ba izini.

MEZIKO DA KUDU

Ba ƙasar da ta kai Meziko yawan ire-iren yukka. A tuddan arewa maso gabashin ƙasar akwai wata ƙatuwa, mai wuce ƙafa 30, wadda furenta ke ratayowa ƙasa maimakon ya miƙe sama. A wasu wurare ta yi daji guda. Akwai wata a yankin da talakawan karkara ke kankare ganyenta su sami zaren yin buhu da burushi. Wata kuma, a jihar Keretaro, ba ta da yawa, ga masu son ado suna ta tone ta suna fita da ita waje. A 2013 aka sa ta cikin jerin tsirran da ba a ketare iyaka da su sai da takardar izini.

In aka gangara kudu sai labari ya canja. Can ana ruwa sosai. Yukkar da ke wurin ba ta da tsini mai suka. Gindinta ya kan kumbura kamar ƙafar giwa. Mutanen wurin suna ce mata isote. Tana nan a kudancin Meziko, da Gwatamala, da El Salbado, da Honduras. Manoma su kan sari reshenta su kafa a iyakar gona, ya kama, ya zama shinge, kamar yadda ake yi da aguwa. Masu gonar kofi a gangaren dutse su kan jera ta don ta riƙe ƙasa, ta hana zaizaya. Furenta kuwa abinci ne. A kan cire tsakiyar mai ɗaci, a tafasa, a soya da ƙwai. Mutanen El Salbado sun ɗauki furen nan ya zama alamar ƙasarsu. Yawancin yukkar da ake gani cikin tukunya a ofisoshin duniya, ita ce.

Har akwai wata a kurmin Ciyafas wadda ba ta taɓa ƙasa. A kan rassan manyan itatuwa take zaune.

Na gabashin Amurka ba sa bukatar dogon bayani. Rairayin bakin teku suke so. Ɗaya ana ce mata allurar Adamu, gajeruwa ce, mai zare-zare a gefen ganye. 'Yan ƙabilar Ceroki su kan daka saiwarta su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso. Wata kuma ana ce mata banatin Sifen, kuma ta ci sunanta. Tsininta na huda tufa, ya huda fata. In ita ce a ƙofar gida, a nisanta ta daga wurin wasan yara, ko a datse tsinin da almakashi. Ido da kunne su ne abin tsoro.

YUKKA DA FAƊA-WUTA

Yanzu an zo wurin da ya fi ban mamaki.

Mai dabino ya san barbara. Ya san in garin furen namiji bai kai ga ta mace ba, ba 'ya'ya. Yawancin tsirrai, iska ko zuma ke yi musu wannan aiki, ba da niyya ba. Yukka kuwa ba haka take ba. Garin furenta mai danƙo ne, iska ba ta ɗaukar sa. Ƙwaro iri ɗaya ne ke mata aikin. Wata 'yar ƙaramar faɗa-wuta ce, yawanci fara, tsawonta bai wuce na farce ba.

Ga yadda abin yake. Da dare ta macen ta kan shiga fure. A bakinta akwai wasu 'yan hannuwa waɗanda sauran faɗa-wuta ba su da su. Da su take tattara garin fure, ta dunƙula shi, ta riƙe a ƙarƙashin haɓarta. Sai ta tashi zuwa wani fure. Can sai ta huda wurin da 'ya'ya za su fito, ta saka ƙwanta a ciki. Daga nan sai ta hau sama, ta ɗebi garin da ta kawo, ta cusa shi daidai inda ya kamata. Ita ba ta cin garin. Ta yi haka ne don furen ya yi iri, domin irin nan shi ne abincin 'ya'yanta.

Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito, ta ci wani kashi na irin, ta bar saura. Sai ta huda ta fito, ta shiga ƙasa, ta kwanta. In wata shekara yukka ta yi fure, sai ta fito da fiffikenta.

To, in faɗa-wuta ta yi haɗama fa, ta zuba ƙwai da yawa a fure ɗaya? Yukka na da maganinta. Ta kan kakkaɓe furen ya faɗi, ƙwan duka su mutu. Watau ciniki ne, kowa na tsaron kansa. Wasu masana biyu, Joj Engelman da Cals Raili, su suka gano wannan a birnin San Luwis na Amurka, wajen 1872.

Wannan shi ya sa yawancin yukkar da aka kai wasu nahiyoyi ta kan yi fure, fure ya bushe, ba iri. An kai shukar, an baro ƙwaron a gida. Sai dai a yaɗa ta ta hanyar yankan reshe ko cire 'ya'yan gindi. Banatin Sifen ce ta fita daban, don ita ta kan yi 'ya'ya ko ba faɗa-wuta.

WUTA A MOJABE

A koma ga itacen Yusha'u, don yana cikin matsala.

Zafi na ƙaruwa a Mojabe, fari na ƙara tsawo. Tsofaffin itatuwa suna jurewa, amma a wurare masu zafi ƙanana ba sa tasowa. Da ma a ce zai iya ƙaura zuwa wuri mai sanyi. Amma irinsa ba ya tafiya nesa. A zamanin da akwai wata ƙatuwar dabba mai nawa, mai nauyin ƙaramar saniya, wadda ke cin 'ya'yansa. An sami irin a cikin busasshen kashinta a wani kogo a Nebada. Wasu masana na ganin ita ce ke kai irin nesa. Dabbar nan ta ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Yanzu sai ɓeraye da kurege, su kuwa ba sa nisa da raminsu.

Sai kuma wuta. Da can tsakanin itace da itace fili ne, wuta ba ta samun abin bi. Amma wasu ciyayi baƙi, waɗanda suka shigo daga Turai da kewayenta, sun cike filin. Da rani su kan bushe ƙayau. Ranar 15 ga Agusta, 2020, tsawa ta faɗi a wani tudu mai suna Sima, inda itacen Yusha'u ya yi daji mai kauri. Wuta ta tashi, ta cinye eka 43,000. Itacen Yusha'u fiye da miliyan ɗaya suka ƙone cikin 'yan kwanaki.

A 2023 jihar Kalifoniya ta kafa doka. Ba mai sare itacen Yusha'u na yammacin hamadar, ko da a filinsa yake, sai da izini.

A tudun Sima kuwa, tun daga ƙarshen 2021 ma'aikata da masu aikin sa kai suka shiga dasa ƙanana a cikin toka. Wurin daji ne da aka keɓe, mota ba ta shiga. Sai aka nemo raƙuma, su ke ɗaukar ruwa da dashe zuwa ciki. An dasa 'yan dubbai. Da yawa daga cikinsu sun mutu, wasu fari ya kashe, wasu zomaye da ɓeraye suka cinye. Waɗanda suka tsira, sai sun yi shekaru masu yawa kafin su yi furen fari.